Masu tallafi sun ce mu nuna tasirin aikinmu: mu sayi na'urori da manhaja?

Tambaya: Ina shugabantar wata ƙaramar ƙungiya a jihar Katsina. Muna koya wa matan aure karatu da lissafi a garuruwa 12, wadda ta kammala kuma mu ba ta ɗan jari. Masu ba mu tallafi sun ce daga bana hotuna da jerin sunaye ba za su wadatar ba, sai mun nuna tasirin aikin. Wani mai kamfani ya kawo mana tayin kwamfutocin hannu da manhaja mai zana alƙaluma a allo, kuɗin ya kusa albashin malamanmu na shekara. Mu saya?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara wa aikin albarka. Kada ku saya, aƙalla ba yanzu ba. Abin da masu tallafin suka nema ba ya cikin kayan da mai kamfanin ya kawo, ɗan abin da kayan za su yi muku kuwa kuna iya samunsa da wayoyin da ke aljihun ma'aikatanku.

Tambayoyi biyu ne aka dunƙule muku a cikin buƙata ɗaya. Ta farko ita ce ko an yi aikin: malama ta zo aji, mata nawa suka zauna, wace ce ta daina zuwa, jarin ya shiga hannun mai shi cif ko an yanke wani abu a hanya. Ta biyu ita ce ko canjin da aka gani a rayuwar matan aikinku ne ya kawo shi. A ta farko na'ura gwana ce. A ta biyu ba ta da ta cewa, komai tsadarta. Mudu yana gaya wa manomi yawan geron da ya samu, amma ba zai gaya masa ko takin da ya zuba ne ya kawo yabanyar ko damina ce ta yi kyau ba. Kafin ya sani, sai ya dubi gonar maƙwabcinsa da ta sha ruwa ɗaya da tasa ba a sa mata taki ba.

Ga yadda abin ke faruwa a aiki irin naku. A ce kun ɗauki bayanan farko a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. Kuka tambayi mata sau nawa ake ɗora tukunya a gidan, nawa suka samu a sana'a a makon jiya. Kuka koma a Disamba, an yi kaka, an sayar da wake da gyaɗa, bukukuwa sun kankama, mai ƙosai da mai ɗinki duk ciniki ya buɗe. Manhaja za ta zana muku layi yana hawa sama kyakkyawa, kuma ba ƙarya ta yi ba. Sai dai matan garin da ba ku taɓa takawa ba, su ma da an tambaye su, haka layinsu zai hau. Ku juya watannin, ku fara a Disamba ku rufe a Agusta, allon nan zai nuna kun talauta mutane.

Akwai kuma halin mutanenmu, wanda babu injin da ya san shi. Ranar rajista, mace ta ga baƙi da waya suna rubuta sunaye, ta san ana zaɓen mabuƙata ne, to akuyar da ke ɗaure a bayan ɗaki ba za ta shiga lissafi ba. Ranar rufe aiki kuwa, ma'aikaciyar da ta kawo mata jari ce ke tambayarta ko ta amfana. Wace mai kara ce za ta dubi idon wadda ta yi mata alheri ta ce a'a? Talaucin farko an ƙara masa gishiri, daɗin ƙarshe ma an ƙara masa, tazarar da ke tsakani kuma sai a rubuta ta a rahoto da sunan tasiri. Ban ce kowa maƙaryaci ne ba. Da ni da ke muka samu kanmu a wannan layin, haka za mu amsa.

To yaya masu amsa tambaya ta biyun da gaske suke yi? Ba sai mun je nesa ba, maƙwabtanmu na Nijar sun ga irinsa. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba wa gidaje kuɗin agaji a ƙauyuka 96 na jihar Tawa a 2010, kimanin dala 45 a wata har wata biyar. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, da abokan aikinta suka raba ƙauyukan gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ana ba su kuɗin a hannu. Kashi na biyu ana tura musu ta waya, ta tsarin Zap na kamfanin Zain. Kashi na uku aka ba su waya kyauta amma kuɗin a hannu ake miƙa musu. Ki lura da wannan kashi na ukun, nan dabarar take. Ba don shi ba, da ba a san ko mallakar waya ce ta kawo bambanci ko hanyar biyan kuɗin ba. Sakamakon ya nuna gidajen da aka tura wa ta waya sun fi cin abinci iri-iri da kashi 9 zuwa 16 cikin ɗari, yaransu ma sun ɗan fi samun abinci a yini. Masu binciken sun danganta hakan da cewa matan ba su ɓata yini wajen tafiya da bin layi ba, kuma kuɗin ya shigo musu a asirce, sun fi samun ta cewa kan yadda za a kashe shi. Kuɗi iri ɗaya, fari iri ɗaya, kasuwa iri ɗaya. Ƙuri'ar ce ta sa aka iya nuna abu ɗaya a ce shi ne sanadi.

Irin wannan gwaji shi ya kai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer ga lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Amma yana cin kuɗi, yana cin shekaru, yana buƙatar masana ƙididdiga, sannan yana buƙatar garuruwa da yawa. Ku 12 gare ku. Ko kun raba su shida da shida, ya isa a ce gari ɗaya yana bakin titi ko malamarsa ta fi sauran ƙwazo, lissafin ya karkace. Duk wanda ya ce zai fitar muku da tabbataccen tasiri daga garuruwa 12 da manhaja, ko dai bai san aikin ba ko ya san ba za ku gane ba.

Abin da ya dace da ƙaramar ƙungiya shi ne ta ari hujja daga inda aka riga aka yi wahalar gwajin. A kan karatun manya, Aker ɗin dai ta yi aiki da ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram, inda ake koyarwa da Hausa da Zabarmanci. A kusan rabin ƙauyukan an ƙara wa ɗalibai darasin sarrafa ƙaramar waya, su rubuta saƙo su karanta. Waɗannan sun fi sauran cin gwajin rubutu da lissafi, don sun samu abin da za su yi da karatun bayan an tashi daga aji. A kan jari kuwa, gwaje-gwaje shida da aka wallafa tare a 2015, daga Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya, sun nuna ƙaramin bashi shi kaɗai yana ɗan faɗaɗa sana'a amma bai fitar da yawancin gidaje daga talauci ba. Wani binciken na shekarar, a ƙasashe shida ciki har da Gana, ya nuna haɗa kyautar kadara da horo da ɗan kuɗin abinci da ziyarar mai bibiya ya fi tasiri, kuma ribar tana nan shekara guda bayan an rufe shirin. An sake ganin makamancin haka a tsakanin matan Nijar a wani binciken da mujallar Nature ta buga a 2022. Idan tsarinku ya yi kama da abin da aka gwada ya yi aiki, a wurin da ya yi kama da naku, to abin da ya rage a wuyanku shi ne ku nuna kuna yin sa yadda ya kamata. A nan fasaha ke shigowa da ƙarfinta.

Kafin in je can, misali ɗaya na yadda ƙirga kaya ke ruɗar mutane. Shirin ba kowane yaro kwamfuta, wanda har a makarantar firamare ta Galadima a Abuja an gwada shi a 2007, ƙasar Peru ce ta fi kowa rungumar sa, ta sayi dubban ɗaruruwa. A takarda nasara ce babba, ga adadin kwamfutoci, ga hotunan yara suna murmushi. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya kwatanta makarantu 319 na karkara bayan wata 15, bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatu ba.

Yanzu ga kayan aikin da nake ba ku shawara. KoboToolbox manhaja ce ta cike fom ɗin tambayoyi a waya, da ta taso daga cibiyar ayyukan jinƙai ta jami'ar Harvard, an gina ta a kan wani tsarin tattara bayanai mai suna ODK wanda ya fito daga jami'ar Washington. Ƙungiyoyin agaji a duniya da ita suke aiki, kuma kyauta ce har zuwa wani adadi na fom a wata da ƙungiya irin taku da wuya ta kai. Tana hawa kan wayar Android mai araha. Ba ta buƙatar sabis a lokacin cikewa, ma'aikaciya za ta cike fom a ƙauyen da ko kira ba ya shiga, ta dawo gari da yamma ta tura. Wani matashi a cikinku da ya iya Excel zai koyi tsara fom a 'yan kwanaki.

Amfaninta a kan takarda a fili yake. Idan aka rubuta shekarun mace 250, fom ɗin zai ƙi wucewa. Idan ta ce ba ta da sana'a, tambayoyin riba ba za su fito ba balle a cike su da ka. Babu sauran kwali cike da takardu da ake jira wani ya zauna ya kwafe wata biyu bayan an gama, ya karanta 7 a matsayin 1. Babban amfanin kuma wanda ba a cika faɗa a gaban ma'aikata ba: wayar tana rubuta lokacin da aka buɗe fom da lokacin da aka rufe, da wurin da aka tsaya. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya taɓa buɗe taswira ya ga hirarraki ashirin na gari guda sun taru a ɗigo ɗaya, ya matso da hoton ya ga inuwar darbejiya ce a bakin tasha, kowace hira kuma minti huɗu, alhali tambayoyin ba sa ƙarewa ƙasa da rabin awa. Maganin wannan ba tsada: duk mako a zaɓi fom ɗaya cikin goma, wani daban ya koma gidan ya sake tambayoyi uku ko huɗu da amsarsu ba ta canzawa, kamar yawan 'ya'ya ko irin rufin ɗaki. Ku sanar da ma'aikata tun farko cewa za a yi hakan. Kuma ku duba ko ku ne kuka tura su inuwar, don wadda aka ɗora wa gida talatin a yini ba kuɗin mota ba za ta iya gaskiya ba ko tana so.

Mafi girman misalin wannan a ƙasarmu shi ne yaƙi da shan inna. Daga wajen 2012 aka riƙa ba ayarin masu rigakafi a jihohin arewa wayoyi masu GPS da ke ɗaukar sawunsu duk bayan 'yan mintuna, ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin masu gudanar da tsarin. Aka haɗa sawun da taswirorin da aka zana daga hoton tauraron ɗan'adam, sai ga rugage da ƙananan ƙauyuka da taswirar hannu ba ta taɓa sanin da su ba, ga unguwannin da ake cewa an gama alhali ba a shiga ba. Abin da ya sa tsarin ya yi amfani shi ne ana duba sawun tun ana cikin zagayen, a mayar da ayari inda aka tsallake. Duk da haka wayar iyakarta ta ce an bi ta layin. Ko an ɗiga wa yaro maganin, ko an shafa masa tawada a yatsa kawai don mai gida ya ƙi, wannan sai da aka riƙa tura masu bincike na daban gida-gida. An ga cutar ta asali karo na ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a Agustan 2020.

Wannan maganar ta duba alƙaluma a yi wani abu a kansu ita ce inda yawancin ƙungiyoyi ke faɗuwa, kuma akwai labari biyu daga gunduma ɗaya a Indiya da nake so kowane shugaban ƙungiya ya sani. Ƙungiyar Seva Mandir tana da ƙananan makarantu masu malami ɗaya a ƙauyukan Udaipur, malaman kuma ba sa zuwa. A 2003 aka ba rabin makarantun kyamara mai buga rana da lokaci wadda ba a iya taɓa agogonta. Da safe ɗalibi ya ɗauki malam tare da yara, a tashi ma haka, albashi kuma ya danganta da yawan ranakun da hoto ya tabbatar. Rashin zuwan malamai ya tsaya a kashi 21 cikin ɗari a makarantun kyamara, a sauran kuwa 42, yaran ma suka fi cin jarrabawa. Ganin haka sai aka kai dabarar ƙananan asibitocin gwamnati na yankin, aka sa injin buga lokaci ga ma'aikatan jinya, wadda ta yi fashi a yanke mata albashi. Watannin farko zuwa aiki ya ƙaru sosai. Bayan wata 16 bambancin ya ɓace ɗungurungum. Injina suka riƙa lalacewa, wasu da alamar hannu a ciki, shugabannin lafiya kuma suka riƙa raba wa ma'aikatan takardar uzuri ta ranakun da ba za a ƙirga ba. Na'urar kusan iri ɗaya ce. A makarantun, mai karɓar hoton shi ne mai biyan albashi kuma yana nufin abin da ya faɗa. A asibitocin, masu iko ba su so abin ya yi aiki ba.

Saboda haka kafin ki sa tambaya a fom, ki tambayi kanki: in amsar ta fito ba daɗi, wa zai gani, yaushe, me zai yi? In babu amsa, a cire tambayar. Na sha ganin fom mai tambaya sama da ɗari wanda ba a taɓa duba ko goma daga ciki ba, an dai tsare mace awa guda tuwonta na kan wuta.

Ba kuma lallai sai da yankan albashi ba. A wani gwajin a azuzuwan yaƙi da jahilci na Nijar, abin da aka ƙara kawai shi ne kiran waya duk mako, a kira malami, a kira mai gari, a kira ɗalibai biyu, a tambaya ko an yi aji, mutum nawa suka zo. Ba a rage wa kowa ko sisi ba, amma ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi koyo. Malamin da aka ajiye a ƙauye ba mai leƙa shi ya ji cewa wani ya san da zamansa. Wannan kuna iya farawa ranar Litinin mai zuwa da katin waya.

Me za ku auna, to? A ɓangaren karatu kun yi sa'a, don karatu abu ne da ake gwadawa a gani, ba sai an tambayi ra'ayin mutum ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya tun 2005 take amfani da takarda guda mai matakai: baƙaƙe, kalmomi, gajeren sakin layi, ɗan labari. A miƙa wa mace, a ga inda ta tsaya, a rubuta matakin. Minti biyar ya isa. Ku yi irinta da Hausa, ku yi ta lissafi da kuɗi da awo irin na kasuwa. A gwada kowace ɗaliba ranar da ta shiga da ranar da ta gama. Kada malamarta ta yi gwajin, a yi musaya tsakanin garuruwa, kuma a tanadi takarda biyu ko uku masu wahala ɗaya, in ba haka ba za a haddace ta kamar karatun allo. A nan matsalar kwatance ma da sauƙi. Matar da ta kai shekara talatin ba ta san baƙi ba, kaka ko damina ba za ta koya mata ba. In ta shiga ajinku ba ta iya ba ta fito tana karanta sakin layi, mai hankali zai yarda ajin ne.

Abu biyu ne nake roƙon kada ku tsallake. Na farko, waɗanda suka bari. In mata 40 suka fara, 22 suka gama, kuka gwada 22 kuka ce kashi 90 sun iya karatu, kun ɓoye rabin labarin. Masu aikin tamowa sun daɗe da gane wannan, shi ya sa ƙa'idar Sphere ta ayyukan jinƙai ba ta tsaya kan cewa waɗanda suka warke su haura kashi 75 ba, ta ce waɗanda suka daina zuwa su gaza kashi 15. Ku bi waɗanda suka bari har gida ku ji dalili: haihuwa ce, miji ne ya hana, aikin gona ne, ko lokacin ajin ya ci karo da girki? Amsar nan ta fi duk wani zane a allo amfani wajen gyara aikin baɗi. Na biyu, ku koma bayan shekara. A jihar Odisha ta Indiya an bi gidajen da aka gina wa murhu mai rage hayaƙi har shekara huɗu. A shekarar farko hayaƙin da masu girki ke shaƙa ya ragu, daga baya amfanin ya gushe, don murhun ya tsattsage ba a gyara ba, an koma tsohon. Da an rufe littafi a shekarar farko, da an buga tambarin nasara. Karatun manya ma yana zubewa in ba a amfani da shi.

Jari ya fi wuyar awo. Tambayar "nawa kike samu a wata" ba ta haifar da amsa mai amfani, don mai ƙuli-ƙuli ba ta raba kuɗin sana'a da na cefane, ba ta kuma rubutawa. Gara a tambayi abin da ido zai gani: sana'ar tana nan bayan wata shida, bayan shekara? Kayan da ke gabanta yau na nawa ne? Tana zubin adashi, nawa? In jarin ya tafi, ina ya tafi, asibiti ko biki ko hannun maigida? Kuma a yi tambayar a wata ɗaya na kowace shekara. Idan kuna da garuruwan da ke jiran layi, waɗanda ba ku da kuɗin shiga sai baɗi, ku zaɓi na bana da ƙuri'a a gaban masu gari, ku ɗauki bayanan duka biyun. Ba zai kai hujjar masana ba, amma ya fi babu nesa ba kusa ba, ya kuma raba ku da zargin son kai.

Za a ce muku ku rage kuɗi ta hanyar yin tambayoyin ta waya. Ku yi hattara. A gidaje da yawa wayar ta maigida ce, shi zai ɗauka, ko ya miƙa mata yana tsaye. Waɗanda ba su da waya sam kuwa su ne mafiya talauci, su za su ɓace daga lissafin. Haka nan namiji ba ya shiga gidan kulle, in kuma aka fito da matar zaure gaban miji da ƙannensa, kin san irin amsar da za a samu kan wa ke riƙe da jarin. Kuɗin da za ku ba mai kamfani, ku ɗauki mata masu tattara bayanai ku horar da su.

Zancen tauraron ɗan'adam da ƙirƙirarriyar basira da ake ta yayatawa gaskiya ne a muhallinsa. A 2020 gwamnatin Togo da ƙungiyar GiveDirectly sun yi amfani da hoton sama da bayanan kiran waya wajen gano matalautan da za a tura wa tallafin korona. Aikin ƙasa guda ne mai miliyoyin mutane. Ke da malamanki kun san matan garuruwanku da sunayen 'ya'yansu.

Sai amanar bayanai, wadda masu tallar manhaja ba sa ɗagowa. Fom ɗin da ke ɗauke da sunan mace, hotonta, lambarta, daidai inda gidanta yake da adadin kuɗin da aka ba ta, a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, ba ƙaramin abu ba ne in ya faɗa hannun da bai dace ba. Manya ma ba su tsira ba: a Janairun 2022 kwamitin Red Cross na duniya ya sanar an kutsa rumbunsa an kwashi bayanan mutane sama da 515,000. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta zargi hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da miƙa wa Bangladesh bayanan 'yan Rohingya ba tare da cikakken izininsu ba, daga can kuma suka isa hannun Myanmar da suka gudo daga gare ta. A Najeriya tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, kuma ta hau kan ƙungiyoyi irin taku. Ku ba kowace mace lamba, sunayen su zauna a wuri ɗaya a hannun mutum ɗaya ko biyu. Wurin aji ya isa a ɗauka a taswira, ba sai ƙofar gidan kowa ba. A sa wa wayoyi makulli, a daina tura jerin sunaye a zaurukan WhatsApp. A gaya wa mace da Hausar da za ta gane me za a yi da amsarta, kuma in ta ƙi amsawa ba za a cire ta daga aji ba.

Game da masu tallafin, ki rubuta musu kai tsaye ki tambaye su wacce daga tambayoyin biyu suke nufi. Sau da yawa za ki tarar abin da suke so bai wuce alƙaluman da za a iya bi a tabbatar ba: mata nawa suka shiga, nawa suka gama, a wane mataki suka fara karatu, a wane suka fita, sana'o'i nawa ke raye bayan shekara. Tun da aka rufe USAID, hukumar ba da agaji ta gwamnatin Amurka, a 2025 kuɗin agaji ya ja baya, kowa na neman abin da zai kare kasafinsa da shi, shi ya sa matsin ya ƙaru a kanku. In sun dage sai tabbataccen tasiri, ki ce kin yarda, su kawo kuɗinsa daban da na aiki, su haɗa ku da jami'a ko cibiyar bincike, a kuma ƙara garuruwa. Rahoton da ya ce mata 18 cikin 40 sun bari, ga dalilansu, ga abin da muka sauya, ya fi shiga ran gogaggen jami'in tallafi fiye da wanda komai a cikinsa kashi 98 ne.

Mai kamfanin kuma ba sai kun rabu baram-baram ba. Wata rana in kun kai garuruwa hamsin, kuna bin dubban mata ɗaya bayan ɗaya tsawon shekaru, za ku buƙaci tsari irin CommCare ko makamancinsa, mai riƙe tarihin kowace mace. Ranar, ki tambaye shi nawa za ku riƙa biya duk shekara bayan ta farko, wa zai gyara fom in kuna son sauya tambaya, a wace ƙasa bayanan za su zauna, kuma in kun raba gari za ku iya sauke komai a Excel ku tafi da abinku. Amsar ta ƙarshen a rubuta ta a cikin yarjejeniya kafin a biya ko kobo.